Taswirar Wasan Labari: Mu Zana ta da Kayan da Ke Garinmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini domin in yi magana a kan wani wasa da wasu matasanmu suka fara gani a intanet suna sha'awarsa, amma da zarar sun ga kuɗin kayansa sai su ja da baya. Ni malamin lissafi ne a wata ƙaramar sakandare ta ƙauye, kuma abin da nake son nunawa shi ne mafi yawan tsadar nan ta ado ce, domin abin da wasan yake bukata a zahiri yana nan zube a tsakar gidajenmu da bakin kasuwanninmu.

Wasan kuwa shi ne wanda mutum huɗu ko biyar za su zauna su kewaye tebur, ɗaya ya zama jagora mai ba da labari, sauran kuma kowa ya ɗauki mutum guda a cikin labarin ya zama shi, wani mayaƙi, wani maharbi, wani mai magani. Jagora zai ce musu ga inda kuke, ga abin da ya tare muku hanya, su kuma su faɗi abin da za su yi. Idan abin da mutum ya yi niyya zai iya yiwuwa kuma zai iya ƙi, sai a jefa ƙwaya mai lambobi irin ta ludo ta raba gardama. Mafi shahara a irinsa shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974 ta hannun kamfanin TSR. A 1997 kamfanin Wizards of the Coast ya saye TSR, shi ma Wizards of the Coast ɗin kamfanin Hasbro ya saye shi a 1999. Wanda duk ya tashi yana jin "ga ta nan, ga ta nanku" a ɗakin kakarsa ba zai ga baƙon abu a nan ba, sai dai a wannan wasa masu sauraro suna da hannu a yadda labarin zai kaya.

Abin da ke korar matasa shi ne hotunan da suke gani: manyan littattafai uku masu bangon kwali, taswira mai launi da ake naɗewa, 'yan mutum-mutumin roba da aka yi wa fenti, har da gidaje da bishiyoyi da duwatsu na roba. Dukkansu da dala ake sayar da su, kuma tun da aka saki naira a watan Yuni na 2023 dala ɗaya ta haura naira 1,000, ga kuɗin aikowa a kai. Uban da ke lissafin kuɗin taki ba zai saurari wannan magana ba, kuma yana da gaskiya. Akwai masu cewa a sayi injin da ke ƙera abu da roba ta umarnin kwamfuta, amma wannan shawara ta garin da ake samun wutar lantarki ce. Abin da yawancin matasan ba su sani ba shi ne ƙa'idojin wasan kansu ba sai an saya ba. Tun 2014 kamfanin Wizards of the Coast ya saki taƙaitattun ƙa'idoji kyauta, kuma a watan Janairu na 2023 ya sanya babban ɓangarensu a ƙarƙashin lasisin Creative Commons, wanda ya ba kowa damar ya fassara su ko ya gina nasa a kansu, muddin ya ambaci inda ya samo. Ke nan malami ɗaya mai waya zai iya sauke su sau ɗaya, ya mayar da abin da ake bukata Hausa a littafin rubutu.

Sai taswira, wadda ita ce ta fi ɗaukar ido. Aikinta ɗaya ne, ta nuna wa kowa inda yake tsaye da nisan da ke tsakaninsa da abokin gāba ko ƙofa ko rijiya, don kada a yi ta musu. A ƙa'idar da aka saba, ana raba fili zuwa gidaje masu kusurwa huɗu, kowane gida inci ɗaya ne, wato santimita 2.54, yana tsayawa a madadin ƙafa 5 na ƙasa. Mutumin da ke tafiyar ƙafa 30 a zagaye ɗaya zai wuce gida 6. Takardar A4 tana da faɗin milimita 210 da tsawon 297, saboda haka tana ɗaukar gida 8 a faɗi da 11 a tsaye. Idan aka liƙe guda huɗu za a sami gida 16 da 23, wato fili mai ƙafa 80 da 115, wanda ya isa a zana gida mai zaure da turaka da rumbuna, ko ɓangaren wata kasuwa. Rula da biro da haƙuri kawai wannan aiki yake bukata.

Takarda ba ta jure hannun yara, don haka na fi son a zana layukan a bayan tsohuwar kalanda ko a kan kwalin da masu kanti ke zubarwa, sannan a shimfiɗa farar leda mai kauri a kai, irin wadda ake rufe tebur da ita. A kan ledar ake zana bango da kogi da maka irin ta farin allo, a goge da tsumma idan labari ya koma wani wuri. A kula kada a ɗauko maka wadda ba ta goguwa. Wanda ya fi wannan ƙarko shi ne guntun falanki daga wurin kafinta, a shafa masa baƙin fentin allo, a ja layukan da farin fentin mai, sai ya zama alli yana goguwa, layi kuwa yana nan daram. Wanda yake son abin da zai naɗe ya sa a jaka, sai ya sayi yadi ɗaya na farin ƙyalle ya kai wa tela, ya bi layukan da baƙin zare ya kalmashe bakin. Wannan ko ya yi datti wanke shi za a yi. A ƙauye kuwa abokan gābar kwali biyu ne, gara da danshin damina, saboda haka a rataye shi a ƙusa, kada a jingine shi a ƙasa jikin bangon laka.

Ban ga dalilin da zai sa a raina ƙasa kanta ba. Dattawanmu suna haƙa gurbi 30 a gindin bishiya, jeri 5 da 6, kowa ya kawo 'ya'yansa 12 na tsinke ko tsakuwa, su wuni suna dara, kuma ba wanda ya taɓa cewa darar ba ta cika ba don babu katako. Idan aka share wuri mai rairayi aka yayyafa masa ruwa, za a ja layuka da tsinke, a tara ƙasa ta zama tudu, a haƙa kwari. Wannan taswira ma ta fi ta takarda nuna hawa da gangara.

Game da abin da zai tsaya a madadin mutane, murfin kwalbar lemo ya wadatar. A yanka 'yar takarda a rubuta sunan mutumin, a liƙa a ciki da ƙaro, wanda jiharmu ta Jigawa ke nomawa kuma almajirai ke zubawa a tawada. Sai dai murfin ya ɗan fi inci ɗaya faɗi, don haka a fara auna shi kafin a ja layi, a yi gidajen daidai da shi. Adadin gidajen da takarda za ta ɗauka zai ragu kaɗan, amma ba abin da zai ɓaci, tun da ma'auni abu ne da 'yan wasa ke amincewa da shi a tsakaninsu. Abokan gāba da ke zuwa da yawa a ba su ƙwallon dabino ko 'ya'yan tsamiya, babban dodo kuma a ba shi ƙwallon goruba ya cinye gida huɗu. Yaran da ke ƙera motar kara ba sa bukatar a koya musu yadda za a yi danga ko rumfa ko gada da sillen karan dawa. Yumɓun da aka busar a inuwa zai ba da ganuwa da rumbu da bakin rijiya, a shafa jar ƙasa ko farar ƙasa, a yi ruwa da bula.

Ƙwayar jifa ce ta fi wuyar samu. Cikakken jerinta guda bakwai ne, akwai mai fuska 4, da 6, da 8, da 12, da 20, da guda biyu masu fuska 10, kuma mai fuska 20 ce aka fi aiki da ita. Mai fuska 6 tana cikin kowane akwatin ludo. Mai 20 kuwa ba na ba da shawarar a sassaƙa ta da wuƙa, domin fuskokinta alwatika 20 ne da dole su zama daidai wa daida, idan ɗaya ta ɗan fi faɗi sai ƙwayar ta riƙa kwanciya a kanta, a cuci wani ba a sani ba. Mafita ita ce a sami murafe 20 iri ɗaya, a rubuta 1 zuwa 20 a cikinsu, a zuba a 'yar jaka a girgiza, mutum ya zaro ɗaya ba tare da ya leƙa ba. Sharaɗin shi ne a mayar da murfin bayan kowace zara, don kowace lamba ta ci gaba da samun rabonta na kashi 5 cikin 100. Wasu na cewa a jefa ƙwayar ludo uku a haɗa jimilla, to wannan wani lissafi ne dabam: jimillar tana farawa daga 3 ta tsaya a 18, kuma cikin hanyoyi 216 da ƙwayoyin za su iya faɗuwa, 10 tana da 27, 11 ma tana da 27, alhali 18 hanya ɗaya tak gare ta. Ɗalibin da ya gane wannan da hannunsa ya gane darasin yiwuwa da muke fama da shi a kan allo, kuma wannan na cikin abin da ya sa na damu da maganar.

Na san iyaye za su yi tambaya ta fuskar addini, kuma tambayar tana kan hanya. Akwai hadisi da ya yi hani ga wasan nardi, wani wasa da ake yi da ƙwayar jifa, malamai kuma sun yi bayani a kan wasa da ƙwayar jifa, saboda haka duk wanda zai fara wannan a makaranta ko a unguwa ya kamata ya je wurin malamin garinsu ya kwatanta masa abin dalla-dalla, ya bi abin da ya ce. Akwai nau'o'in wasan da ba a jifa a cikinsu ko kaɗan, ana ba kowa tsakuwa ƙidayayyu ya kashe su a inda ya ga ya fi muhimmanci. Kada kuɗi ko wani abin ci ya shiga ciki, domin nan ne caca take farawa, kuma a tashi idan an kira salla. Amfani da murfi mai suna ya kawar da batun mutum-mutumi, labari kuma tun da mu ne masu tsara shi, ba wanda ya tilasta mana shigar da tsafi ko gumakan wasu.

A nan ne nake ganin ribar da ta fi ta kuɗi. Taswirar da aka sayo tana zuwa da ƙasar masu ita, ga fadar dutse, ga dajin ƙanƙara, ga gidan giya. Wanda ya ja layi da hannunsa kuwa abin da ya sani zai zana. Zai zana birni mai ganuwa da ƙofofi irin Ƙofar Mata da Ƙofar Nasarawa, da dutse a tsakiya irin Dala, da lungunan kasuwa irin na Kurmi. Zai zana kogunan dutse irin na Birnin Kudu masu tsofaffin zane-zane, ko fadamar Haɗejiya da Nguru inda hanya ke ɓacewa idan ruwa ya cika, ko dajin Falgore. Ayarin fatake da ke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, da madugu da jagaba da jakuna, ya ishi jagora labarin watanni, kuma taswirar irin wannan doguwar tafiya ba ta bukatar gidaje, zango-zango za a ɗiga a rubuta kwanakin da ke tsakani. Kafin yaro ya zana wannan sai ya je ya tambayi kakansa yadda ake yada zango da abin da ake biya a ƙofar gari. Ina dai jan kunne kada a mayar da wata ƙabila ko wani gari na gaske abokin gāba a cikin labari, kuma kada a yi wasa da ta'asar 'yan bindiga alhali akwai waɗanda ke cikin makokinta.

Masu sana'a ma suna da rabo, ko da ba mai yawa ba ne. Kafinta zai yi allo da guntayen katakon da da murhu za su tafi, baduku zai ɗinka jakar murafe, mai ginin tukwane za ta gasa ƙananan rumbuna tare da tukwanenta. Ba na cewa kasuwa ce da za ta riƙe gida, amma kuɗin da aka kashe zai tsaya a garin.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne jaridarka ta riƙa buga taswira ɗaya lokaci-lokaci, baƙi da fari, daidai girman A4, mai gidaje a jere da ɗan gajeren labari da Hausa a gefe, yadda malami zai iya kai ta shagon hoto-kwafi ranar kasuwa ya fitar wa ɗalibansa. Haka kuma ka buɗe wa masu karatu ƙofa su aiko da taswirar da suka zana ta garuruwansu, tare da bayanin kayan da suka yi amfani da su da abin da suka kashe.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Wani malamin lissafi,
Ƙaramar Hukumar Ringim, Jihar Jigawa.