Barka da Sallah daga Napoli

Zuwa ga Baba da Inna da dukan mutanen gida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ina yi muku barka da shan ruwa da barka da Sallah. Allah ya karɓi ibadunmu, ya maimaita mana. Mun yi Idi lafiya tare da 'yan'uwa Musulmi na nan.

Inna ta gaya mini cewa ƙanwata ta ga sarƙa mai jan barkono a wuyan maƙwabciyarmu cikin hoton da na aiko, har tana roƙon a sayo mata irinta. Shi ya sa na ga ya dace in bayyana muku asalin abin kafin a yanke shawara.

Duk wanda ya gan shi zai ce barkono ne, amma mutanen Napoli, wannan birni na ƙasar Italiya, ƙaho suke ɗaukarsa, suna kiransa cornicello, kuma al'adar rataya ƙaho ta girmi zuwan barkono ƙasar nan, domin sai bayan tafiyar da matuƙin jirgin ruwa Kolumbus ya yi zuwa Amurka a 1492 aka kawo barkono Turai daga nahiyar Amurka. Imaninsu shi ne yana kare mutum daga mugun ido da hassada, kamar yadda wasu a gida suke ɗaura wa yaro laya saboda kambun baka. Tsofaffinsu suna da sharuɗɗa a kansa: ya zama ja, mai lanƙwasa, mai tsini, aikin hannu, kuma kyautarsa za a ba mutum, domin wanda ka saya wa kanka ba ya aiki a wurinsu. Idan ya karye ba sa baƙin ciki, sai su ce ya tare sharrin da aka nufe su da shi.

Farin jininsa kuwa ya wuce misali. A titin San Gregorio Armeno, inda masu sana'ar hannu suke da shaguna, ana sayar da na yumɓu da na roba ga 'yan yawon buɗe ido, wasu don maƙalawa a makulli, wasu don ratayewa a mota ko a ƙofar shago. Mai tsadar shi ne na zinariya da azurfa da murjani, kuma garin Torre del Greco da ke kusa da mu ya fi shekara 200 yana sarrafa murjani, irin wanda iyayenmu mata suke ji da shi. 'Yan mata da yawa yanzu don ado kawai suke sa shi a wuya ko a kunne, haka ma jikokin Italiyawa da suka yi ƙaura zuwa Amurka, waɗanda suke ɗaukarsa alamar asalinsu.

A nawa ganin, Baba, tun da masu abin da kansu laya suka ɗauke shi, bai kamata 'yarmu ta rataya shi ba, ko da niyyarta kwalliya ce kawai. Idan kun amince, zan sayo mata sarƙar murjani zalla wadda ba ta da wannan siffa, in ba wani ɗan'uwa mai tahowa gida ya kawo mata.

A gaishe mini da Kawu da Gwaggo da maƙwabta. Na tura goron Sallar yara ta hannun Yaya, a raba musu.

Ɗanku mai neman albarkarku.