Batun farantan jeren Auta

Mutumina Bazazzagi,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara da su Hajiya. Saƙonka ya iso, gorin da ka cusa a ciki ma ya iso, ko ɗaya bai zube a hanya ba. Wai na shigo Turai na yi ƙiba na manta da talakawa. Wace ƙiba, mutumin da rabonsa da tuwo tun bikin Dogo? Shirun dai ya yi yawa, shi ya sa yau na ce ba saƙon murya, zama zan yi in rubuta, tunda ku Zagezagi kun ce karatu gadonku ne.

Ka ce uwargida ta ga farantin nan mai zanen shuɗi a hoton da na ɗora, ta kafe sai an samo wa Auta dozin irinsa na jere, kai kuma ka jiyo ƙanshin kuɗi har kana tambayar nawa kwantena za ta ci. To gyara zama. Farantin da ta gani ɗin, ni na zana shi. Ni ɗin nan da Malam ya hana taɓa alƙalami ranar zayyanar allonka, wai kada in ɓata maka sauka. Ka je ka gaya wa 'yan zaure kaf.

Tsohuwar da nake haya a gidanta tana da ƙane, maginin tangaram ne a wajen Condeixa, wani ɗan gari kudu da birnin Coimbra a nan Portugal, dab da kufan birnin Rumawa da ake kira Conímbriga. Wata Asabar ta roƙe ni in raka ta in taya su loda kwalaye a mota. Shi ke nan, Asabar ɗina ta zama tasa. An daɗe bai bar ni na taɓa komai ba sai tsintsiya da soso.

Yumɓu ne fa, ƙasa zalla. A gina shi a kan wani faifai mai juyawa, a bar shi ya sha iska ya bushe, a sa a tanderu a gasa da zafin da ya kai wajen digiri 1000. Gashin farko ke nan. Yana fitowa da ƙwari amma ba sheƙi, ka ɗiga masa ruwa nan take ya shanye. Sai a kama shi da awartaki a tsoma a bahon wani farin ruwa mai kauri, tsomi ɗaya, a fito da shi. Kafin ka ƙifta ido ruwan ya shige, ya bar farar hoda kwance a jikinsa. Garin gilashi ne, abin da kuma ke sa shi fari fat har ya rufe launin ƙasar shi ne kuza, irin wadda aka yi ta haƙa a Jos, ko da yake yanzu da yawa sun koma wani sinadari mai araha.

A kan hodar nan ake zane, kuma a nan gizo ke saƙar. Allo in ka ɓata ka wanke. Wannan kuwa buroshi na sauka hodar ta tsotse launin, in hannunka ya yi rawa to rawar ta zauna ke nan. Ka tsaya tunani a tsakiyar layi, wurin ya yi tabo. Ka danna da ƙarfi, hodar ta ɓare. Shi tsohon sai ya dafa gwiwar hannunsa a kan wani katako, ya ɗora faranti a faifai ya juya shi da yatsa ɗaya, buroshi na tsaye wuri guda, zoben bakin faranti ya zagayo ya haɗe, ba ka isa ka gane inda ya faro ba. In zanen mai yawa ne, akwai takarda da aka huhhuda da allura, a shimfiɗa ta a kai, a bubbuga ƙullin garin gawayi, ɗige-ɗige su fito a bi su da buroshi. Gawayin wuta ce ke cinye shi daga baya.

Sannan launin da kake shafawa ba shi za ka gani ba. Shuɗin da ya tafi da hankalin uwargida toka-toka ne a bakin buroshi, daga wani ma'adini da ake kira kobal. Kore daga jan ƙarfe yake, shunayya da ruwan ƙasa daga manganis. Sai an mayar tanderu karo na biyu hodar ke narkewa ta zama gilashi, ta haɗiye zanen, launi ya bayyana. Ba a kuma buɗe tanderu da zafinsa, sai ya huce don kansa, in ba haka ba kaya su tsattsage. Daren da nawa ke ciki barci sai ɓarawo. Da aka fito da shi tsohon ya ɗaga shi sama, ya ƙwanƙwasa da farce ya kasa kunne, ya juya bayansa, bai ce uffan ba. Sai kawai ya je ya ajiye shi a kantar kayan sayarwa, cikin nasa. Wallahi ranar da aka ba ni gurbin karatun nan ban yi murna haka ba.

Kullum sai mun yi musu da shi. Ya ce sana'ar gadon kakanninsa ce. Na ce a Basra ta Iraƙi aka fara farin ruwan kuzar nan tun ƙarni na 9, ta Andalus ya iso ƙasashensu. Ya ce to shuɗi da fari dai nasu ne. Na ce shi ma na Sin ne: bayan Vasco da Gama ya kai Indiya a 1498 jiragensu suka riƙa sauke tangaram ɗin Sin a Lisbon, maginansu ba su san sirrin yin irinsa ba, shi ne a ƙarni na 17 suka yi ta kwaikwayonsa da yumɓun gida. Ya ce kwaikwayon da ya shekara 400 ai ya zama gado. Na bar masa, tanderunsa ne.

Ni waɗanda suka fi kwanta min ma ba na attajirai ba ne. Akwai wasu farantan nan Coimbra na ƙarni na 19, masu araha, zanen sauri-sauri da kore da rawaya da ruwan ƙasa. 'Yan cin rani daga yankin Beira ke tafiya da su girbin alkama a Alentejo, in za su dawo su musanya su da tufafi. Yau ga su a bayan gilashi a gidajen tarihi, masu kuɗi na rububinsu.

Af, da gaske ne Ɗan Fulani ya ƙara aure ba ko goron sanarwa? Kuma wai babur ɗin ya sayar ya yi lefe? Babur ɗin da har gobe yana bina... a'a, ni nake binsa kuɗin taya. Ka ce masa na yafe rabi, gudummawata ke nan. Dogo kuma ya daina tura min wa'azi da ƙarfe ukun dare.

Batun kwantena, ka cire ranka. Matanmu in za su yi jere so suke dozin ya fito kai ɗaya. Waɗannan kuwa ka jera 12, kowanne da halinsa, wannan furensa ya karkata, wancan shuɗinsa ya fi duhu. Ranar ganin ɗaki wata gwaggo za ta ce an cuci yarinya, an haɗo mata tsince-tsince. Kuɗin guda ɗaya zai saya maka dozin na kamfani a Sabon Gari, ga shi na hannun bakinsa na saurin ɓantarewa, bai da ƙarfin na Sin. Na leƙa Caldas da Rainha ma, inda Rafael Bordalo Pinheiro, mai zanen barkwanci a jaridu, ya kafa masana'anta a 1884. Kwanuka suke yi siffar ganyen kabeji, kore shar, har da jijiyoyin ganyen. Ta kusa rufewa, sai a 2009 wani babban kamfani ya saye ta. Ka tambayi uwargida ko za ta jera kabeji a ɗakin amarya.

Ga kuma Hajiya. Zanen Coimbra cike yake da zomaye da bareyi da tsuntsaye, mutum-mutumin zakara na garin Barcelos kuwa kada ma a ɗauko maganarsa. Ka san ta da hoton mai rai a ɗaki. Furanni da ganye kawai za a yi. Wani abin kuma, a da da dalma ake haɗa ruwan gilashin don ya narke da wuri. Yanzu doka ta tsananta a kan kayan cin abinci, amma tsofaffin da na ado ba a zuba abinci a ciki, balle mai tsami. Tun abin da ya faru da yara a Zamfara a 2010 ba na wasa da dalma.

Abin da ke cina shi ne tsohon nan. Sana'ar ba ta mutu ba, a São Pedro do Corval kaɗai, can Alentejo, akwai gidajen ginin yumɓu sama da 20. Amma shi 'ya'yansa suna Faransa da Luxembourg, ba wanda ya koya. Da safe hannunsa na rawa, sai ya daɗe riƙe da kofin shayi mai zafi kafin ya ɗauki buroshi. Rannan ya ce min in ajiye digirin in zauna, zai koya min haɗa launi. Kamar wasa ya faɗa, amma bai yi dariya ba. Ni ma na kasa yi. Na san ba mai yiwuwa ba ne, na san abin da aka sayar aka turo ni, amma ina cikin laccar Litinin hankalina na kan abin da zai fito daga tanderu. In kai ne yaya za ka yi? Kada ka kuskura Baba ya ji wannan, kuma kada ka gaya wa uwargida, don gaya mata da gaya wa unguwa duk ɗaya ne.

Auta dai guda biyu zan kawo mata, na hannuna, in naɗe su cikin babbar riga a jakar hannu. Sauran ku saya a Sabon Gari. Ka turo min ranar bikin da wuri don in roƙi tsohon ya ba ni wuri a tanderu. In ka sami mai tahowa, yaji da kuka da daddawa, a ɗaure daddawar sosai saboda jirgi. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ina neman addu'a.

Naka,
Bakano