Motar rimot mai hawa dutse ba shirme ba ce, amma hanyar tana da masu ita

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina roƙon ɗan fili a jaridarku in tanka wa bawan Allahn da ya rubuto kwanakin baya yana tir da samarin da ake gani Asabar da Lahadi suna bin ƙananan motoci masu rimot a duwatsun da ke kewaye da Bauchi. Ya ce shirme ne da almubazzaranci, ƙato da gemunsa yana bin motar wasan yara. Ni rewaya ne, wutar mota ce abincina, kuma wasu daga cikin samarin nan ni suke kawo wa motocin in sun ƙi tashi. Na kwance su na ga cikinsu, don haka ban yarda da malamin ba. Samarin suna da laifi, zan zo kansa, amma ba inda ya nuna ba ne.

Wannan ba irin motar robar da ake saya wa yara da Sallah ba ce. An ƙera ta ne kamar babbar mota, aka rage girmanta zuwa kashi 1 bisa 10, wasu ma 1 bisa 24, har su zauna a tafin hannu. Ba don gudu aka yi ta ba. A kan dutse tafiyarta ba ta wuce ta mai tafiya a ƙasa, shi ya sa kullum za ka ga mai ita yana biye da ita. Tana da giya, da farfela, da aksil (ƙarfen da ke haɗa tayar hagu da ta dama) gaba da baya, da shokozoba mai mai a ciki, kuma tayoyin huɗu duka suna ja. Tayar roba ce mai laushi, soso ne a cikinta maimakon iska, don ta lotsa ta kama dutse.

Aksil ɗin ne ya fi ɗaukar hankalina. Kowane bakanike ya san in mota ta sha kwana, tayar waje ta fi ta ciki cin tafiya, shi ya sa aka sa haƙoran giya a tsakiyar aksil waɗanda ke barin kowace taya ta juya daidai da buƙatarta. A kan kwalta alheri ne. A kan dutse kuwa shi ne ke kada mota: da zarar taya ɗaya ta ɗaga, duk ƙarfin sai ya tsere wajenta, ta yi ta wulwulawa a iska, wadda ke ƙasa ta tsaya cak. Direban da ya taɓa kafewa a caɓi da damina ya san abin da nake faɗa. Maganinsa a kulle aksil, tayoyin biyu su juya tare. Akwai samfurin TRX-4 da kamfanin Traxxas na Amurka ya fitar a 2017, daga rimot ake kulle aksil ɗinsa na gaba da na baya, daga rimot ake sauya giyar ƙarfi da ta gudu. An kuma sa masa ƙarin giya a gindin kowace taya don aksil ya ɗaga sama ya daina gugar dutse, dabarar da ke jikin Unimog, babbar motar shiga daji ta Mercedes. Na sha yi wa yaran shagona bayanin kulle aksil da baki, suna gyaɗa kai kawai. Ranar da na jingina motar wani a jikin bulo, taya ɗaya a sama tana juyawa a banza, na miƙa wa ƙaraminsu rimot na ce ya danna makullin, ya ga ta damƙi bulon ta haye, ban sake maimaita masa ba. Haka maganar nauyi: a sa batir gaba kuma ƙasa-ƙasa, a ƙara ɗan nauyin tagulla a wajen tayoyin gaba, sai motar da ɗazu take wuntsilawa da baya ta haye gangaren lafiya lau.

Mu da muka tashi muna yin motar kara da ta gwangwanin madara, muna yanka tsohon silifa mu yi taya, bai kamata mu raina wannan ba. Garin nan ne aka kafa kamfanin Steyr a shekarun 1970 ana haɗa manyan motoci da taraktoci. Muna da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda ta fara a 1980 a matsayin jami'ar fasaha, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a Gwallameji, ga makarantun koyon sana'a. Tsada kam akwai, masu kyau ɗaruruwan daloli ne, a nan malamin yana da gaskiya. Amma akwai ƙananan na ƙasar Sin masu sauƙi, kuma guda ɗaya ta ishi aji guda su kwance su ɗaure shekara da shekaru. Duwatsu kuwa Allah ya hore mana, daga Warinje zuwa Zaranda har duwatsun Dass. Ko ba komai, abin ya tashi samari daga majalisa da latsa waya ya sa su hawan dutse da sassafe.

To, ga inda nake da magana da su. Hanyoyin nan da suke bi ba su suka fitar da su ba. Ƙafar mata masu itace ce, da 'yan tallan nono, da makiyaya, da manoman da gonakinsu ke bayan dutse. Mai rimot idonsa na kan mota, ba ya ganin ko inda yake taka ƙafarsa, balle mai tahowa. Na ga tsohuwa da damin itace a ka, a wurin da hanya ta ƙuntata, ta tsaya tana jiran a gama ɗaukar bidiyon mota tana hawa wani ɗan tudu. Wuyanta na rawa, su kuwa suna ta "sake, sake, bai fito ba". Motar nan hannu ɗaya ke ɗauke ta. In an hango mai kaya ko garke, a sunkuya a ɗauke, a gaishe su, su wuce. Ƙarar injinta mai tsini tana firgita awaki, kuma akuyar da ta zabura ta faɗa gonar wani, makiyayi ne zai biya. Falalen dutse ma da ke ba samarin sha'awa, wurin shanyar mutane ne da kaka, barkono da kuɓewa da rogo. Kafin a hau dutsen wani gari a gaida mai unguwa a nemi izini, domin wasu duwatsun akwai kaburbura da wuraren da mutanen garin ke girmamawa. Kada kuma a ɗauki hoton matan mutane ba da yardarsu ba.

Sai batir, wanda shi ne fannina. Yawancinsu na litiyam ne mai jikin leda, mai gida biyu volt 7.4, mai gida uku 11.1. In ya huje, ko ya bugu, ko aka yi masa cajin ganganci, yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Wanda ya kumbura ya gama aiki, kada a ce bari a ƙara lallaɓawa. Kada a bar shi cikin mota a rufe da tsakar rana, kada a jona shi a caji a kwanta barci. Da hunturu ciyawar kan dutse a bushe take ƙayau, kuma abincin dabbobin wasu ce. Mataccen batir a dawo da shi gida, ba a cusa shi a kogo ba.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne hannu. Mota takan wuntsila ta faɗa tsagar dutse, mai ita ya zura hannu har kafaɗa bai duba ba. Nan ne gidan kububuwa da kunama. Ba banza aka yi asibitin masu saran maciji a Kaltungo ta jihar Gombe ba, maƙwabtanmu ne, ƙasarmu iri ɗaya ce. A riƙe sanda mai ƙugiya, a sa takalmi rufaffe, a bar silifa a gida.

Akwai kuma wuraren da bai dace a kai ta ba sam, kamar inda tsofaffin zanen dutse suke a Geji ta ƙaramar hukumar Toro. Yankari kuwa gandun dabbobi ne mai dokokinsa, kuma wanda ya san birran da ke maɓuɓɓugar Wikki a cikinsa ya san ba za su bar masa mota a ƙasa ba.

Roƙona, Edita, ku tura wakilinku ya bi samarin nan wata Asabar, ya ji ta bakinsu, ya kuma sauka ya ji ta bakin mutanen ƙauyukan da ke gindin duwatsun. Malaman makarantun sana'a da ke son ɗalibansu su ga cikin motar, samarin da na yi magana da su sun ce za su kawo.

Wassalam.

Naku,
Wani rewaya daga Bauchi