A riƙa yi wa mai tsare ƙofa adalci a wasannin harbi na intanet

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan abin da ya daɗe yana damuna game da wasannin harbi da ake yi ƙungiya-ƙungiya ta intanet. Da zarar an tashi wasa, abin da ido ke fara nema a allo shi ne wanda ya fi kashe abokan karawa, shi ake yabo, shi kuma ake yanko bidiyonsa a yaɗa. Wanda ya tsare ƙofar da aka ba shi, ya hana mutum huɗu wucewa na rabin minti ba tare da ya kashe ko ɗaya ba, babu mai ambatonsa, alhali sau da yawa shi ne ya ci wa ƙungiyarsa zagayen.

Dokar wasan ce ta nuna haka. A Counter-Strike, wanda ya fara bayyana a 1999, mutum biyar ne ke fuskantar biyar, kuma masu kai hari suna da minti ɗaya da sakan 55 su dasa bam a ɗaya daga cikin wurare biyu. Idan lokacin ya ƙare ba su dasa ba, masu tsaro sun ci, ko da ba su saki harsashi ɗaya ba. Sai dai masu tsaro dole su rarrabu tsakanin wuraren biyu da hanyar tsakiya, su kuwa maharan suna iya taruwa su afka wa wuri guda. Saboda haka wanda aka ajiye shi kaɗai yana iya ganin mutum biyar sun nufo shi, kuma abin da ake so daga gare shi a lokacin shi ne ya sanar da 'yan'uwansa, ya toshe hanya da gurnetin hayaƙi ko na wuta, sannan ya janye da ransa zuwa inda zai jira ɗauki. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne. Idan ya tsaya neman suna ya faɗi nan take, ya bar mutum huɗu da aikin mutum biyar, ya kuma bar su ba su san adadin waɗanda suka shigo ba.

Sanarwar ma tana da ladabinta. “Uku ta doguwar hanya, bam yana hannunsu” ta fi amfani nesa ba kusa ba a kan ihun cewa sun zo, domin maharan da suka ƙware sukan tura mutum ɗaya ya tayar da ƙura a wani gefe da harbi da gurneti, sauran kuma su lallaɓa ta ɗaya gefen. Ƙungiyar da ta kwashe kowa ta garzaya don ta ji ƙara, ba tare da wani ya ga bam da idonsa ba, ita da kanta ta buɗe musu ƙofa.

Abin da na fi so masu tasowa su koya shi ne tsayuwar mutum biyu. Ɗaya ya laɓe a dama da ƙofa, ɗayan a hagu daga nesa kaɗan, ta yadda mai shigowa ba zai iya fuskantar su duka a lokaci guda ba. Idan ya juya ga na farko ya ba na biyu baya, idan kuma ya yi sa'ar kayar da ɗaya, ɗayan zai rama kafin ya gyara saitinsa. Ko masu wasan PUBG, inda ake yin ƙungiyar mutum huɗu, suna buƙatar wannan, domin idan duk suka cunkushe a ɗaki ɗaya gurneti guda ya ishe su.

Idan an riga an dasa bam, lissafi ya juya. Saura sakan 40 ya tashi, kwance shi kuma yana cin sakan 10, ko 5 ga wanda ya sayi kayan kwancewa. Masu tsaron da suka rage su jira juna su shiga tare ta hanyoyi biyu, domin masu shiga ɗaya bayan ɗaya haka ake tsince su. In kuwa lokaci ya ƙure, gara su tsira da bindigoginsu, don kada sai sun sake sayen wasu, tunda da kuɗin da 'yan wasa suka tara ake sayen makamai a zagaye na gaba.

Roƙona shi ne, idan jaridarku za ta ba da labarin wata gasa, wakilinku ya duba yadda ƙungiya ta raba mutanenta da lokacin da ta kai ɗauki, ya kuma ambaci sunan wanda ya riƙe wurinsa shi kaɗai har 'yan'uwansa suka iso.

Wassalam,
Wani mai karanta jaridarku.