Tocilar da ta mutu kar a jefar, fitilar goshi ce da ta keke

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya ƙoƙari. Dan Allah ku ɗan ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana akan wani abu da na daɗe ina yi da hannuna, wato farke tsofaffin tocila in ciro kayan cikinsu in haɗa fitilar da ake ɗaurawa a goshi da kuma ta gaban keke. Ni ba injiniya bane, ɓarna ce ta koya min, kuma na ƙona kaya ba kaɗan ba kafin na gane inda gizo yake saƙar, shi yasa nake so duk wanda zai fara kar ya bi ta inda na bi.

In ka kwance tocilar zamani zaka ga abun cikin bai taka kara ya karya ba. Ƙwan LED ne manne akan wani ɗan faifan ƙarfe, sai ɗan allo zagayayye a bayansa da ake cewa direba, sai madubin da ke tara haske, sai makunni da sifirin da batir, shikenan. Kuma a cikin waɗanda suka shigo hannuna a matsayin matattu, yawanci makunnin ne ya lalace ko sifirin ya yi tsatsa ko wata siririyar waya ta cire daga dalmarta, ƙwan kuwa lafiyarsa ƙalau. Mutum ya jefar da abu gaba ɗaya saboda waya guda, abun yana min ciwo wallahi. Shi wannan ƙwan ma ba ƙaramin abu bane, asalinsa shuɗi ne, wani sinadari mai ruwan ɗorawa aka shafa masa a sama shine yake fito da hasken fari, kuma sai a 1993 Shuji Nakamura ya samar da shuɗin mai haske sosai a kamfanin Nichia na Japan, har aka ba shi kyautar Nobel a 2014 tare da Isamu Akasaki da Hiroshi Amano. To abun da aka ci Nobel dashi ne muke zubarwa a bola.

Kuskurena na farko shine na ɗauka direban nan ado ne, na cire shi na jona ƙwan kai tsaye da batir. Ya yi haske kamar rana ta fito, na ji daɗi, ko minti biyu ba a yi ba hasken ya koma shuɗi-shuɗi sai ƙauri, ya mutu murus. LED bai san ya ƙoshi ba, duk wutar da ka tura masa zai sha har ta kashe shi. Farin ƙwai yana aiki ne a wajen bolt 3, shi kuma batirin litiyam in ya cika bolt 4.2 ne, to direban shine yake tsayawa a tsakani yana auna masa wutar. Akwai wani nau'in direba da nafi so saboda sauƙinsa, wanda zaka ga ƙananan baƙaƙen abubuwa jere a jikinsa an rubuta 7135, kowane ɗaya yana barin miliamfiya 350 ne ta wuce, in ka ƙirga takwas kenan amfiya 2.8, in ka ɗauke biyar da ƙarfen dalma ka bar uku ka dawo wajen amfiya 1. Da ƙirga kawai ka san abun da fitilarka take ci, kuma lissafin awanni ya zo da sauƙi, batir mai 3000mAh a amfiya 1 zai kai ka kusan awa uku, a 2.8 kuwa da ƙyar ya wuce awa ɗaya.

Anan ne nake da ja da masu wannan harkar, kowa burinsa haske, ace fitilarsa ta fi ta kowa. Ƙwai irin XM-L na kamfanin Cree in aka ba shi amfiya 3 yana bada wajen lumen 1000 a ma'aunin haske, amma wat 10 yake ci a lokacin, kuma fiye da rabin wannan wutar zafi take komawa ba haske ba, duk a wani ɗan wuri da bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Abun da mutane ba su lura dashi shine gangar jikin tocilar ta alminiyam ba don kyau aka yi ta ba, ita ce take janye zafin ta watsar a iska. To kai ka zo ka zare ƙwan daga gidansa ka cusa shi cikin bututun roba saboda ya fi sauƙin yankawa, ka rufe ruf da gam, ina kake so zafin ya je? Na yi wannan ma, shine ƙwai na biyu da na kashe. Yanzu abun da nake yi shine in saka zarto in yanke dogon bututun da batir yake zama, in bar kan tocilar yadda yake da ƙwan da direban da madubin duk a mazauninsu, in jawo wayoyi biyu ta baya zuwa batir. In kuma dole sai na sauya ma ƙwan gida to akan alminiyam mai kauri zai zauna, in shafa masa wannan farin man da ake sawa a ƙarƙashin firosesan kwamfuta, kaɗan ba lafta ba, in ɗaure da sukuru ya matsu sosai. Gwajin kuma ba wuya, ka kunna ka bari minti goma ka taɓa, in gidan ya ɗauki ɗumi to zafin yana fita, in gidan yana sanyi alhali kana tura wuta mai yawa to ka ji tsoro, zafin yana can ciki yana dafa ƙwan. In kuma ya kai ba ka iya riƙewa, rage wuta. Ido ma ai ba ya ganin ninki biyu a matsayin ninki biyu, ka rage rabin wutar bambancin da zaka gani kaɗan ne amma batir zai ninka daɗewa.

Fitilar goshi da ta keke kuma ba abu ɗaya suke so ba duk da kayan cikin ɗaya ne. Ta goshi aikin kusa ake da ita, gyaran inji, ɗinki, karatu, duba ƙarƙashin mota, to wannan tsinin hasken da tocila take jefawa nesa ba shi da amfani anan, sai ma ya kashe maka ido in ya daki farar takarda. Ni ko dai in cire madubin gaba ɗaya hasken ya bazu, ko in goge gilashin gaban da samfefa mai laushi har ya yi hazo. Wuta kuma kaɗan, ɗaya ko biyu daga cikin 7135 ɗin nan ya isa, tunda a goshi babu iskar da zata sanyaya ta kuma fatar mutum ce a bayanta. Batirin a ƙeya nake sa shi ba a gaba ba, batirin litiyam da ake kira 18650 guda ɗaya yana da nauyin giram 45 zuwa 50, in ka haɗa shi da kan fitilar duk a goshi zata riƙa zamowa kan hanci kana turawa, amma in yana baya sai nauyin ya daidaita. A sa ɗan hinji yadda za'a iya sunkuyar da ita, a kuma ƙulla wayar ta ciki kafin ta fito daga ramin, saboda in an fizge ta ƙullin ne zai riƙe ba dalmar ba. Sannan in kana da zaɓi ka ɗauki ƙwan da launin haskensa ya ɗan yi ɗumi, wato ya ɗan karkata zuwa ruwan ɗorawa, wajen 4000K a ma'aunin launin haske, akan mai shuɗi-shuɗin nan na 6500K, launin waya ja da ruwan ƙasa sun fi rabuwa a idona da mai ɗumin.

Ta keke kuwa babban abokin gabarta girgiza ne. Tocilar da take sauya yanayin haske in an ɗan taɓa makunni, da ka faɗa rami batir zai yi tsalle ya rabu da sifirin na ƙiftawar ido, ita kuma ta ɗauka dannawa aka yi, sai ka ga ta koma walƙiya kana tsakiyar gangara. Maganinta batir ya zauna daram a gidansa, sifirin ta ɓangare biyu, a naɗe shi da guntun tsohon tiyub kar ya yi motsi. Shi dai tiyub ɗin da shi nake ɗaure fitilar a kan keken, yana riƙewa kuma yana shanye girgiza.

Amma maganar da tafi damuna, wadda ma ita ce ta sa na ɗauko alƙalami, ita ce kashe ma mutane ido. Madubin tocila zagaye yake watsa haske, rabi a titi rabi a sama, wannan rabin na saman kuwa cikin idon mai tahowa yake shiga, kuma direban motar da ka makantar kai zai fara bugewa. Na taɓa yin wannan ganganci, wani mai tafiya a ƙasa ya kare fuskarsa da hannu ya faɗa min maganar da har yau ina jin kunyarta, kuma shi ke da gaskiya. A Jamus doka ce, fitilar gaban keke sai an yanke haskenta ta sama kamar yadda ake yi ma ƙaramar fitilar mota. Mu masu haɗawa a gida ba za mu iya ƙera irin madubinsu ba amma akwai dabara, ka yanko ɗan falle na alminiyam ka yi mata baki ta sama kamar na hular hana sallah, ka sunkuyar da ita, sannan ka tsayar da keken ka fuskanci bango daga nesa kaɗan ka tabbata saman hasken mai ƙarfi yana ƙasa da tsayin fitilar kanta. Bayan nan ka jingine keken ka taka gaba ka juyo ka kalle ta da idonka, in ka runtse to wani ma zai runtse.

Fitilar bayan keke ja ce, kuma kar a wahalar da kai wajen rufe farin ƙwai da jar leda, yawancin hasken a ledar zai mutu. Jan LED ƙarami bolt 2 yake so, ka sa masa resista mai om 100 a layi ɗaya dashi, wutar da zai ci wajen miliamfiya 20 ce, batir ɗaya zai yi kwanaki. Masu dinamo kuma su sani wutarsa mai kaiwa da komowa ce, bolt 6 wat 3, sai an bi da ita ta diyod huɗu ta miƙe kafin a ba LED.

Sai batir, anan kam ba wasa. Sunan 18650 girmansa ne, faɗi milimita 18 tsayi 65, kuma na gaskiya yawanci ba ya wuce wajen 3500mAh, duk wanda ka ga an rubuta 9900mAh a jikinsa ƙarya ce tsagwaronta, ɗaga shi ma zaka ji ba nauyi. Ana samun masu kyau a cikin tsohon batirin laftof, amma a auna kowanne da mitar awon wuta, wanda ya faɗi ƙasa da bolt 2.5 ni ba na sake caza shi, haka wanda ya lotse ko yake zafi in ana caji. Ledar jikinsa in ta yage a sake masa wata, domin duk gangar jikin nan negatif ce kuma ta zo dab da kan fositif, ɗan ƙarfe ya gitta tsakaninsu sai wuta. Kar a ɗora ƙarfen dalma akan batirin kansa, zafin yana lalata cikinsa, a saya masa gida mai sifirin a yi dalmar a jikin gidan. Caji kuma da ɗan allon nan TP4056, a nemi mai kariya a jikinsa wanda yake yanke wuta in batir ya yi ƙasa sosai ko waya ta haɗu. In za'a haɗa biyu gefe da gefe don su daɗe, su zama iri ɗaya kuma cajinsu daidai kafin a jona su. Ku tuna fa wannan abun a ƙeyar mutum zai zauna, ni ba na barin sa a caji in kwanta barci.

Ruwan sama kuma, robar zoben da take bakin gilashin kar a yar da ita, ramin waya ya kalli ƙasa, a toshe da silikon.

Roƙona gare ku Malam Edita shine ku ɗan ware wani lungu a jaridar nan ko sau ɗaya a wata don irin waɗannan ƙere-ƙeren hannu, da hotuna, domin bayanin inda jar waya take zuwa da inda baƙa take zuwa hoto ɗaya ya fi shafi guda na surutuna. In kun amince ni zan fara turo na fitilar goshin da nake amfani da ita yanzu, daga yankan bututun har ɗinkin madaurin, da kuma hoton ƙwai biyun da na ƙona don a ga yadda suke komawa.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku, mai karanta jaridarku a kullum.