Ba yuriya lemonmu ke nema ba

Malam Edita,

A ba ni fili in ja hankalin masu lambu a yankin Kalambaina, inda ƙasa ke cike da dutsen alli da ake siminti da shi. In sabon ganyen lemo ya yi rawaya, jijiyoyinsa kuwa kore shar, sinadarin ƙarfe ya rasa. Ƙarfen na nan, allin ƙasar ne ya ɗaure shi. Ƙara yuriya asarar kuɗi ce, domin rashinta daga tsohon ganye yake farawa.

Takin ƙarfe mai suna Fe-EDDHA na riƙe ƙarfe a narke ko pH (ma'aunin tsamin ƙasa, wanda alli ke ɗagawa) ya kai 9, wani takin ƙarfen mai suna EDTA kuwa da an wuce 6.5 ya fara saki. Fe-EDDHA na rina ruwa ja kamar zoɓo, a gindin bishiya ake zubawa. Akwai tsada ƙwarai, don haka muna roƙon malaman gona su auna mana ƙasa kafin mu saya.

Mai lambun lemo,
Wamakko, Jihar Sakkwato