Jirgin da ya ɓace shekara 27 a duwatsun Ostireliya

Assalamu alaikum mutumina,

Ya gida ya iyali, ya jikin Hajiya? Allah ya ƙara mata lafiya. Na ga saƙonka kana ta faɗa wai an soke muku tashi daga Kano saboda hazo har ɗaurin auren ya wuce ka, to Allah ya sa haka shi ne mafi alheri, amma ni dariya ma ka ba ni wallahi, don saƙon ya same ni ne ina ta juya labarin wani jirgi a raina.

Akwai wani gari Cooma a kudu da Kanbera inda nake, tafiyar awa ɗaya da ɗan wani abu a mota, sanyin wurin kuwa Jos sai dai ta sara masa. A bakin titi suka gina wurin tunawa da wani jirgin fasinja mai suna Southern Cloud, an adana ɓaraguzansa a ciki, ƙarafa duk sun lanƙwashe sun yi tsatsa, in ba a faɗa maka ba sai ka rantse kayan 'yan gwangwan ne.

Ranar 21 ga Maris 1931 ya tashi da safe daga Sidni za shi Melbon, fasinja shida da matuƙa biyu. Ƙirar Avro ne mai inji uku, na kamfanin Australian National Airways da Charles Kingsford Smith ya kafa shi da abokinsa Charles Ulm, shi Kingsford Smith ɗin shi ya fara tsallake tekun Fasifik da jirgi daga Amurka zuwa nan a 1928, filin jirgin Sidni ma sunansa yake ci. Direban ranar Travis Shortridge, gwani ne ba ɗan koyo ba, kuma ya duba hasashen yanayi kafin ya tashi bai ga abin tsoro ba.

To ga inda abin yake ci min rai. Bayan sun ɗaga sai masu duba yanayi suka gano ashe guguwa ce gagaruma a kan hanyar, iska da ruwa da gajimare ya rufe duwatsu, suka sanar da kamfanin. Labari ya iso ƙasa, mutane na tsaye sun san abin da jirgin zai tarar, amma babu rediyo a cikinsa ko ɗaya, ba yadda za a ce wa direba kai juyo. Ka duba fa, magana ce da ba ta fi ta minti ɗaya ba. Shi kuma can sama ba ya ganin ƙasa balle ya gane inda yake, iska na ta ture shi daga hanya bai sani ba, don a lokacin da ido ake tuƙi, a bi kogi a bi layin dogo a bi gari, in gajimare ya rufe sai kamfas da agogo da lissafin kai.

Kwana 18 ana nema da jirage sama da 20, har Kingsford Smith da kansa ya shiga, mutane kuma kowa ya fito yana cewa ya ji ƙarar jirgi ta bayan gidansa, aka yi ta raba ƙafa, ko ƙusa ba a samu ba. Kamfanin ma bai kai labari ba, wannan asara ga matsin tattalin arzikin shekarun, ya durƙushe.

Sai ranar 26 ga Oktoba 1958, wani kafinta Tom Sonter da ke aiki a babban aikin madatsun ruwa da lantarki na duwatsun Snowy ya fita yawo daji ranar hutunsa, kawai ya ci karo da ƙarafa cikin ƙungurmin daji, bishiyoyi har sun tsiro ta tsakiyarsu. Shekara 27 iyalan mutum takwas ba gawa ba kabari, wasu iyayen sun rasu ba su san inda 'ya'yansu suka kwanta ba. Ni wannan ya fi haɗarin kansa taɓa ni, mu da ko kwana ɗaya ba ma so gawa ta yi ba a kai ta makwancinta ba.

Kwamitin da ya yi bincike tun a 1931 ɗin ya ba da shawarar a riƙa sa rediyo a jiragen fasinja, daga baya kuma aka mayar da shi dole. Abin haushi rediyon fa akwai ta a duniya lokacin, jiragen ruwa sun daɗe suna aiki da ita, sai da rai takwas ya tafi tukuna.

Karatu na nan ana ta fama, sai addu'arku. Maganar kilishin da ka ce za ka ba wa mai zuwa ya kawo min don Allah ka bari, 'yan kwastan ɗin nan ba sa wasa da nama, ƙwacewa za su yi har tara su ci shi. Ka gaida madam da yara da 'yan majalisarmu duka, ka ce wa ango ina nan tafe da tawa gudummawar.

Naka har kullum.